Masanin taurari da ma'aunin ambato: Abubuwan da ya kamata ka sani

Wani dare a farkon Nuwamba, damina ta ɗauke kuma hazo bai kankama ba, muna zaune a bencin mai shayi a Ƙofar Ran a Bauchi sai aka ɗauke wuta. Ɗan ƙanwata, wanda yake koyar da fizis a wata babbar makaranta, ya miƙo mini wayarsa yana washe baki kamar an yi masa albishir da haihuwa.

"Kawu, duba nan. Na tashi daga uku na koma huɗu."

Na ce uku na me, huɗu na me? Ya ce lamba ce da ake auna malaman jami'a da ita, kuma a fannin da yake sha'awa, wato binciken garkunan taurari, akwai masu lamba sama da ɗari. Da ya ga ban gamsu ba sai ya kashe hasken wayar, ya ce in bari idona ya saba da duhu. Can ya nuna mini sama, wajen arewa. Da ƙyar na hango wani ɗan farin tabo, kamar an shafa alli a allo an goge. Ya ce a kan irin wannan tabon mutane suke ƙarar da rayuwarsu, kuma lambar nan ita ce wai ke faɗin wanda ya fi wani a cikinsu.

Mene ne garken taurari?

Rana tauraruwa ce, ɗaya daga cikin taurari sama da biliyan 100 da ke juyawa tare a dunƙule guda. Wannan dunƙulen shi Turawa ke kira galaksi, ni kuwa garken taurari ya fi kwanta mini. Duk taurarin da ka saba gani, har Kaza da 'ya'yanta, 'yan garkenmu ne. Tabon da aka nuna mini kuwa wani garke ne daban, sunansa Andromeda, kuma haskensa sai ya yi tafiyar shekara kusan miliyan biyu da rabi kafin ya iso Bauchi, alhali haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya.

Rubutu mafi daɗewa da aka sani a kan wannan tabo na wani malamin falaki ne Bafarishe, Abdurrahman al-Sufi, wanda ya siffanta shi da ɗan gajimare a littafinsa na taurari a wajen shekarar 964. An yi kusan shekara dubu kafin Edwin Hubble ya tabbatar, a farkon shekarun 1920, cewa gajimaren ba a cikin garkenmu yake ba.

Masanin garkunan taurari na yau ba ya kwana da ido a jikin madubin hangen nesa. Yawancin aikinsa a gaban kwamfuta ne. Na'urori a kan duwatsun Chile ko Hawai, ko a sararin samaniya, su ke tattaro hasken, shi kuma ya tsefe shi launi-launi don ya gano nisan garke, da nauyinsa, da saurin juyawarsa, da ko har yanzu yana haifar sababbin taurari ko ya tsufa.

Abin da ake ƙirgawa

Amfanin gonar mai bincike shi ne maƙala. Idan ya gano wani abu, zai rubuta yadda ya yi da abin da ya samu, ya aika wa mujallar fanni. Manyan mujallun falaki uku ne ake yawan ji: ta ƙungiyar masana taurari ta Ingila, wadda ake taƙaita sunanta da MNRAS kuma take fitowa tun 1827; Astrophysical Journal ta Amurka, tun 1895; da Astronomy & Astrophysics ta Turai, tun 1969. Edita zai miƙa maƙalar ga wani gwani, galibi mutum ɗaya da ba a bayyana sunansa, ya yi mata tankaɗe da rairaya. Tana iya kai-komo tsakaninsu watanni kafin a karɓa, ko a ƙi.

Masana taurari suna da wata al'ada mai kyau: da maƙala ta kammala sai su ɗora ta a rumbun arXiv, wanda Paul Ginsparg ya buɗe a 1991, kowa ya karanta kyauta.

To amma yawan maƙaloli kaɗai ba ya nuna komai. Taron mutane shi ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba. Shi ya sa aka koma tambayar ko akwai mai tsayawa a rumfar.

Ambato, isnadin 'yan boko

Wanda ya zauna a zauren karatu ba baƙo ba ne a nan. Malami ba ya faɗin magana sai ya jingina ta: wane ya ce, daga wane, a littafi kaza. Littattafan Shehu Usmanu da na Abdullahin Gwandu cike suke da sunayen magabatan da suka kafa hujja da su. Kuma sau da yawa ambaton shi ke raya sunan mutum. Muhammadu al-Kashinawi, malamin hisabi da falaki Bakatsine, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti. Ɗan mai gidan, Abdurrahman, ya sa labarinsa a littafinsa na tarihi, kuma wannan na cikin manyan hanyoyin da muka san shi.

Haka abin yake a kimiyya. Duk maƙala tana ƙarewa da jerin ayyukan da ta dogara da su. Duk lokacin da sunan aikinka ya fito a jerin wani, ka samu ambato ɗaya, abin da malaman jami'a ke kira saiteshan. Sabon abin shi ne ƙirgawa. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, ya kawo shawarar a 1955, ya fitar da kundin farko na gama-gari a 1964. Scopus da Google Scholar duk sun zo a 2004. Masana taurari kuwa suna da nasu rumbun, ADS, wanda cibiyar Smithsonian da ke Harvard take gudanarwa da kuɗin hukumar NASA, kuma kyauta ne.

Abin lura: mutum ɗaya, lambobi uku. Google Scholar na haɗawa har da kundayen digiri da takardun taro, don haka lambarsa ta fi kumbura. Scopus na ƙirga mujallun da ya amince da su kaɗai. Idan wani ya ce maka an ambace shi sau dubu, fara tambayarsa da wane mudu aka auna.

Bambancin da ke tsakanin wannan da isnadi shi ne inda gizo yake saƙa. Malaman hadisi ba su tsaya ga yawan masu ruwaya ba, sai sun bincika halin kowane ɗaya, sannan su duba nassin kansa. Kwamfuta ba ta yin wannan. Wanda ya ambace ka don ya yabe ka da wanda ya ambace ka don ya ƙaryata ka, a wurinta duk ɗaya ne.

Lambar h, a lissafin manomi

Lambar da ɗan ƙanwata yake murna da ita, wani masanin fizis na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro ta a 2005. Ɗauki manomi mai gonaki biyar. Ta farko ta ba shi buhu 40, ta biyu 12, ta uku 6, ta huɗu 3, ta biyar 1. Yana da gonaki uku da kowacce ta ba da aƙalla buhu uku, amma ba shi da huɗu da kowacce ta kai huɗu. Lambarsa ta h uku ce. Mayar da gona maƙala, buhu ambato, ka gama fahimtar lissafin.

Hikimarta ita ce ba ta ruɗuwa da tarin gonaki marasa albarka. Aibinta kuma a nan yake: ko gonar farko ta ba da buhu 4,000, lambar tana nan a uku. Ba ta taɓa sauka, ko da mutum ya bar aiki shekara ashirin, saboda haka tana fifita dattijo a kan matashi. Kuma ba ta san wanda ya yi noman ba, sunan da ke kan takardar gona kawai ta sani.

Me ya sa lambobin masana taurari suke da ƙiba?

Na farko, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Madubin hangen nesa na zamani ya fi ƙarfin jami'a guda, wani ma ya fi ƙarfin ƙasa guda. Hoton baƙin ramin da ke tsakiyar garken M87, wanda aka fitar a Afrilun 2019, aikin mutum sama da 200 ne. Maƙalar da ta ba da labarin karon wasu matattun taurari biyu a 2017 tana ɗauke da sunaye sama da 3,000. Idan aka ambaci irin wannan maƙala sau ɗaya, kowane mai suna a kanta ya samu cikakken ambato, da wanda ya yi shekara goma a kan aikin da wanda ya gyara wani ɗan sashe na manhaja. Wanda ya shiga babbar tawaga lambarsa za ta yi ta hawa ko yana barci. Shi ya sa masu ɗaukar aiki a fannin suke ware maƙalolin da mutum ya zo na farko a jerin sunaye, don a al'adar falaki na farkon shi ne ya ɗauki nauyin aikin.

Na biyu, kayan aiki sun fi sabon tunani jawo ambato. A 1998 Schlegel da Finkbeiner da Davis suka fitar da taswirar ƙurar da ke cikin garkenmu. Duk mai leƙen wani garke dole ya cire tasirin wannan ƙura daga lissafinsa, kamar yadda direba ke la'akari da hazo a hanyar Jos. An ambaci maƙalar sama da sau dubu goma. Aiki ne nagari, amma yawan ambatonsa irin na mai sayar da mudu ne a kasuwar Muda Lawal: kowa na buƙatarsa.

Saboda haka kuskure ne babba a jera lambar masanin taurari da ta masanin tarihi ko na lissafi. Ko a cikin falakin ma, mai nazarin lissafi shi kaɗai da ɗalibinsa ba zai kamo ɗan babbar tawaga ba.

Waɗanda ma'auni ya yi wa rowa

Tarihin binciken garkunan taurari cike yake da mutanen da ƙirga za ta kayar da su a zamaninsu.

Henrietta Leavitt ce ta gano ƙa'idar auna nisa da wasu taurari masu ƙara haske da raguwa a kan lokaci. Ba don ita ba da Hubble bai auna nisan Andromeda ba. Amma takardar 1912 da ta ƙunshi sakamakon ta fita ne da sa hannun shugaban cibiyarta, Edward Pickering.

Georges Lemaître, wani limamin Katolika ɗan Beljiyam, ya nuna a 1927 cewa garkuna na nisantar juna, sararin kansa yana faɗaɗa. Ya rubuta da Faransanci a wata mujallar Brussels da ba kowa ke karantawa ba. Hubble ya buga nasa da Turanci a 1929, ƙa'idar ta ɗauki sunansa. Sai a 2018 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta kaɗa ƙuri'ar a riƙa haɗa sunayen biyu.

Fritz Zwicky kuwa a 1933 ya duba wani taron garkuna mai suna Coma, ya ga suna gudun da ya isa a ce sun watse tuntuni. Ya ce lallai akwai wani ɓoyayyen nauyi da ya ɗaure su, turken da ido ba ya gani. Da Jamusanci ya rubuta, kuma maƙalar ta yi shekaru da dama tana kwance, ba mai waiwayarta sai jefi-jefi. Sai da Vera Rubin da Kent Ford suka auna juyawar Andromeda a 1970, suka bi da wasu garkunan, aka ga gefensu na gudu fiye da yadda taurarin da ake gani za su iya riƙewa, sannan aka tuna da shi. Yau ambatonsa ya kai dubbai. Rubin ta rasu a 2016 ba ta samu kyautar Nobel ba, sai dai babban gidan hangen taurari na Chile da ya saki hotunansa na farko a Yunin 2025 sunanta yake ɗauke da shi.

Muna da namu a gida. Samuel Okoye, wanda ya yi digirin farko a Ibadan, yana ɗalibi a Cambridge shi da malaminsa Antony Hewish suka ba da rahoto a mujallar Nature a 1965 cewa akwai wani baƙon abu mai fitar da igiyar rediyo a cikin ɓurɓushin wata tauraruwa da aka ga fashewarta a shekarar 1054. Bayan 'yan shekaru aka gane matacciyar tauraruwa ce mai juyawa kamar ƙoɗi, irin halittar da ta jawo wa Hewish Nobel a 1974. Hewish ya ambace shi a jawabin karɓar kyautar. Okoye ya dawo gida ya kafa binciken sararin samaniya a Nsukka, ya rasu a 2009. Ɗaliban da ya yaye da cibiyar da ya gina ba sa cikin lissafin Hirsch, ga shi kuwa har yau Nsukka ce cibiyar wannan ilimi a Najeriya.

Wata maƙwabciya

Idan ana neman mai binciken garkunan taurari daga wannan yanki namu, ga Marie Korsaga 'yar Burkina Faso, wadda ake kira mace ta farko a Afirka ta Yamma da ta ƙware a fannin. Digirinta na digirgir haɗin gwiwa ne tsakanin Jami'ar Cape Town da ta Aix-Marseille a Faransa. A 2018 ta jagoranci wata maƙala a MNRAS da ta auna rabon nauyin da ake gani da ɓoyayyen a garkuna 121, tambayar nan dai ta Zwicky da Rubin.

Dubi yadda aikin ya haɗu. Ma'aunin juyawar garkunan daga wani madubi ne a kudancin Faransa. Hotunan daga tauraron ɗan'adam na WISE ne na Amurka. Kuma ɗaya daga cikin tsare-tsaren da ta gwada na Navarro da Frenk da White ne, na 1996 da 1997, don haka ko ya dace da abin da ta auna ko bai dace ba, sun ƙara ambato ɗaya. Mai shi ake ƙara wa. Masanin zamantakewa Robert Merton ya yi rubutu a kan wannan ɗabi'a tun 1968: sananne ya fi samun ambato saboda an san shi.

Maguɗi

Da zarar an ɗaura ƙarin girma a wuyan lamba, sai a fara yi mata dabara. Akwai mai ambaton kansa ba gaira ba dalili. Akwai 'yan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, abokai biyar su riƙa jera sunayen juna. Akwai mai yanka bincike ɗaya gida huɗu kamar tsire. Akwai "sa sunana, in sa naka". Mafi muni su ne mujallun bogi, masu aiko saƙon imel da daɗin baki, su karɓi kuɗi su buga maƙala cikin mako guda ba wanda ya duba ta. Wani abokina ya taɓa biyan irin wannan da albashinsa, ranar tantancewa aka jefar da maƙalar, bayan shekara ma shafin mujallar ya ɓace ɗungurungum.

Ba mu kaɗai ba ne. A Disambar 2012 editoci da masana suka tsara wata sanarwa a San Francisco, suna roƙon a daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin kansa. Ni ma ra'ayina ke nan, da ɗan gyara: kada a jefar da lambar. A inda sanayya da ubangida ke iya ɗaga mutum, lambar da kowa zai iya buɗewa a waya tana kare marar gata. A ɗauke ta a matsayin mai gabatarwa, sannan kwamiti ya zauna ya karanta maƙaloli uku da mutumin ya fi alfahari da su. Wahalar ke nan da ake gudu.

Ina Bauchi a ciki?

Kusa fiye da yadda ake zato. A Toro, kan hanyar Jos, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, tana da cibiyar nazarin siffar ƙasa da motsinta. Irin wannan awo a duniya yana jingine ne da tsakiyar wasu garkuna masu nisan gaske, waɗanda saboda nisansu ba a ganin sun gusa, sai suka zama turakun da ake auna juyawar ƙasa da su. Kundin da ake aiki da shi tun 2019 yana da irin waɗannan turaku 4,536. Taswirar da ke wayar ɗan acaɓa ma tana cin moriyarsu.

Manyan na'urorin nahiyar suna wasu ƙasashe: MeerKAT mai faifai 64, da Afirka ta Kudu ta ƙaddamar a 2018, da faifan Kutunse na Ghana, mai faɗin mita 32, tun 2017. Amma rashin madubi ba shi ne babban shinge ga ɗalibin fizis a harabar jami'a ta Yelwa ko ta Gubi ba. Shirin Sloan, da ya fara aiki a 2000 da madubi mai faɗin mita biyu da rabi a New Mexico, ya zuba bayanan miliyoyin garkuna a intanet kyauta. Bayanan madubin James Webb, da aka harba a 25 ga Disamba 2021, su ma ana sakin su ga kowa, galibi bayan shekara guda. Abin da ke wuya shi ne wuta, da data, da malamin da zai nuna maka tambayar da ta cancanci yi, da wanda zai tsaya maka kafin arXiv ya karɓi maƙalarka ta farko. Sai kuɗin bugawa: tun Janairun 2024 MNRAS ta koma kyauta ga mai karatu, marubuci ne ke biyan sama da fam 2,000, ko da yake akwai hanyar neman a yafe wa marar hali. Da yawa ba su san da wannan ƙofa ba, sai su faɗa hannun 'yan bogi.

Na tambayi ɗan ƙanwata wane ne ya ɗaga shi zuwa huɗu. Ya ce wasu ne a Brazil, bai san su ba, ba su san shi ba. Ya buɗe maƙalar tasu, muka yi ta gangarawa da yatsa har shafi na biyu. Ga sunansa nan a cikin baka, na shida a jerin sunaye takwas, a ƙarshen wata jimla da ke cewa wasu ma sun taɓa duba wannan batu.

"Kawu, ai ko banza sun buɗe ta," in ji shi.

Muna cikin haka aka kawo wuta, yara suka kaure da ihu a layin baya. Na ɗaga kai wajen arewa, tabon ya ɓace. Shi kuwa ya shanye ragowar shayinsa ya miƙe, ya ce zai je ya sa kwamfuta a caji, ƙarfe goma sha biyu datar dare mai araha za ta fara, yana da fayilolin Sloan da zai sauke kafin a sake ɗaukewa.